Haƙorin Makkan Adda

Ranar da na sauka Alƙahira abu biyu ne a aljihun rigata: takardar shiga makarantar koyon aikin haƙori, da lambar wayar mutumin da ya samo mini ita. Takardar tana da hatimi har uku, kuma kafin in taso babu wanda ban nuna wa ita ba a Mubi, har mai shayin bakin layinmu. Na kira lambar daga filin jirgi, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na sake kira, aka kashe. Washegari na kai takardar makarantar da aka rubuta a jikinta. Wata mata mai tabarau ta juya ta gaba da baya, ta kira abokiyar aikinta, su biyun suka tsaya suna kallona da tausayi. Makarantar dai gaskiya ce, ga gini ga ɗalibai suna ta kai da kawowa. Takardar tawa ce ba su san ta ba. Ashe ganin Dala ba shiga birni ba ne.

Shekarata talatin da ɗaya a lokacin. Na yi shekara shida ina tsaron kemis a Mubi, ina miƙa wa masu ciwon haƙori kafso da maganin kashe zafi, ban taɓa leƙa bakin ko mutum ɗaya ba. Ana ce mini dakta, ni kuma ina amsawa ba kunya. Abin da ya tayar da ni neman sanin gaskiyar aikin kuwa, Adda ce.

Adda mahaifiyata ce. Ni ne ɗanta na fari, kuma a gidanmu, kamar gidajen Fulani da yawa, uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kama sunana, ba ta yi mini magana kai tsaye, ba ta cin abinci a gabana. Goggona ce ta raine ni, na tashi ina ce wa uwata Adda kamar yadda na ji ƙannenta suna faɗa. In tana da magana da ni, sai ta dubi ƙanwata Dija ta ce, "Ki ce wa wancan," ko da ina zaune taku biyu daga tabarmarta. Na san ba ƙi ba ne. Amma ba zan yi ƙarya in ce abin bai taɓa yi mini ciwo ba.

A fiƙarta ta sama, gefen hagu, tana da haƙorin Makka. Tare suka sa da mahaifina shekarar da suka yi aikin Hajji, rana ɗaya, shago ɗaya, shi kuma bai ga daminar gaba ba Allah ya yi masa rasuwa. Wata uku kafin tafiyata na lura tana tauna da gefe ɗaya, in ta sha ruwan randa sai ta dafe kunci da bakin mayafi. Na yi ta aika mata kafso ta hannun Dija. Ciwon ya kwanta sati biyu ya tashi. Na san ba magani nake yi ba, lallashi nake yi, kuma Adda tana da ciwon suga.

Watan farko a Alƙahira na yi shi ne a ɗakin wasu ɗalibai 'yan Najeriya da suka tausaya mini, mu shida a ɗakin mutum biyu. Larabcin da na koya a islamiyya ina taƙama da shi, ranar da na gwada shi a wurin mai burodi sai duk layin ya fashe da dariya, wai ina neman burodi kamar mai huɗubar Juma'a. Sanyin garin ya shiga mini ƙashi. Kullum karin safe wake ne dafaffe da man zaitun, na ci har na fara mafarkin kunun gyaɗa. In na hau saman bene shanya kaya sai in riƙa neman dutse ko ɗaya a gefen gari, irin duwatsun da ke bayan Mubi ta hanyar Kwaja, ba na ganin komai sai benaye da kwanukan dish. Yara a titi suna bina suna kiran suna iri-iri saboda launin fatata. Na yi fushi kwana uku, daga baya na ga fushin ba ya rage mini yunwa, na ajiye shi.

Komawa gida hannu rabbana kuwa ba zan iya ba, bayan duk unguwa ta raka ni tasha. Ko Dija ban gaya wa an damfare ni ba. In ta tambaya ya karatu, sai in ce muna ta fama.

Mai gadin benen da muke, Ammu Sa'id, dattijo ne mutumin kudancin ƙasar, baƙi kamar ni. Shi ya fara lura ba na fita da jaka da safe kamar sauran. Bai tambaye ni komai ba, sai dai kullum in na sauko ya tura mini kujerar roba da ƙafa, ya zuba mini shayi baƙi mai suga kamar za a yi alewa. A rana ta goma na ba shi labarin takardar. Ya girgiza kai, ya ce, "Ma'alesh, ɗana," wato haƙuri. Bayan kwana biyu ya kama hannuna ya haura da ni hawa na biyu, inda wata likitar haƙori take da asibitinta. Mai yi mata shara ya bar aiki.

Dakta Nadiya ta haura shekara sittin, gajera ce, Kirista, da ɗan gicciye a zane a wuyan hannunta, harshenta kuma ya fi allurarta kaifi. Aikina wanke ƙarafa, sa su a tukunyar tururi, goge ƙasa. Sai dai ni da tsintsiya a hannu, idona yana cikin bakin mutane. Wata rana ba tare da ta ɗago kai ba ta ce, "Kai mai shara, me ka gani?"

Na ce, "Ban ga komai ba, Dakta."

"To matso ka gani. Ka tsaya mini a ka kamar mai bin bashi."

Daga ranar ta fara koya mini, a tsakanin marasa lafiya, da faɗa da komai. Ta ce farkon aiki tambaya ce: ruwan sanyi ne ke tayar da ciwon ko na zafi, yana wucewa nan take ko yana daɗewa, yana zuwa da kansa ko sai an tauna. Bayan tambaya sai kallo, dasashi da harshe da cikin kunci, ba haƙorin da aka nuna maka kaɗai ba. Sai ƙwanƙwasawa da gindin ɗan madubi, haƙori bayan haƙori. Sai a ɗora auduga mai sanyin ƙanƙara a ji ko jijiyar ciki za ta amsa. Hoto shi ne na ƙarshe, malalaci ne ke farawa da shi. Ta kuma hana ni tsayawa a gaban mara lafiya. "Ta baya ake zama, saitin kai," in ji ta. "Mutum in yana kallon idonka ba ya sakin bakinsa." Da ta ga hannuna ba ya rawa, ita da kanta ta samo mini gurbi a ajin mataimakan likitan haƙori na wata shida. Wannan karon takardar hatimi ɗaya gare ta, kuma ta yi aiki.

Ina wata na biyu a ajin Dija ta kira ni da murna. "Hamma, albishirinka. Haƙorin Adda ya daina ciwo. Yau har ruwan firij ta sha."

"Da kansa?"

"Da kansa. Ta ce kanumfari ne ya yi aiki, ba kafsonka ba."

Na yi hamdala. Na sayi faranti guda na kayan zaƙi na kai wa Ammu Sa'id, muka ci muka lashe yatsa. Rashin sani ya fi dare duhu.

Kusan wata uku bayan haka aka shigo da wani direban ƙaramar bas, matarsa tana riƙe da shi. Gefen fuskarsa ya kumbura tun daga leɓe har idon ya rufe, jikinsa zafi rau. Dakta ta tambaye shi yaushe haƙorin ya fara ciwo. Ya ce ai ba haƙori ba ne, haƙorin ya yi ciwo bara amma ya warke da kansa. Ta ɗora audugar sanyi a fiƙarsa, ko gezau bai yi ba. Ta rubuta takarda ta ce a wuce da shi babban asibiti yanzu, ba anjima ba. Da suka fita tana cire safar hannu ta ce mini, "Ka riƙe wannan. Haƙorin da ya daina ciwo da kansa ba warkewa ya yi ba, mutuwa ya yi. Jijiyar ta ruɓe a ciki, mugunya tana taruwa a saiwa tana neman hanya. In ta fita ta dasashi, an samu lokaci. In ta haura sama, daga ido sai kai."

Tiren ƙarafan da ke hannuna na ajiye shi a hankali. Na ba ta labarin Adda. Ta fara jero mini tambayoyi: akwai ƙurji a saman haƙorin, tana jin ɗanɗanon gishiri, rufin ƙarfen yana motsi. Na ce ban sani ba, ban taɓa ganin cikin bakinta ba, ba ta ma yi mini magana.

Ta sauke tabarau. "Uwarka ba ta yi maka magana? Me ka yi mata?"

"Ba abin da na yi, Dakta. Na riga sauran zuwa ne kawai."

Na yi bayani iya yina. Ta saurara, ta ce ta yi shekara arba'in tana buɗe bakin mutane, ba ta taɓa jin irin wannan makulli ba.

Da la'asar na kira gida. Na ce Dija ta tambayi Adda kaza da kaza. Ina jin muryarta daga nesa, a natse: "Ki ce wa wancan lafiyata lau, ya yi abin da ya kai shi." Sai da Dija ta fita zaure ta rage murya ta gaya mini gaskiya. Akwai ɗan ƙurji a dasashi, saman haƙorin Makkan. Yana fashewa ya kwanta, bayan kwanaki ya dawo. Adda tana kurkure shi da ruwan ɗumi da gishiri, ta ce zafi ne ke fita. Na gane abin da ya faru. Rufin da aka sa cikin gaggawar alhazai bai zauna daidai ba, abinci ya yi shekaru yana shiga ta gefe, haƙorin yana ruɓewa a ɓoye ƙarƙashin ƙyalli. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na ce a kai ta asibiti gobe. Dija ta ce, "Hamma, ka san ba za ta je ba. Ta ce in ta je cirewa za su yi. Haƙorin da suka sa tare da Baaba, da shi za a binne ta."

Na yi sati biyar ina kira ina roƙo ta bakin Dija. Amsar ɗaya ce. Saura kwana tara jarrabawarmu ta ƙarshe, da safe ina wanke ƙarafa, wayata ta yi ƙara. Madam Rifkatu ce, maƙwabciyarmu, tsohuwar nas 'yar Kwaja, wadda ta karɓi haihuwar rabin yaran layinmu.

"Hammadu, kana ji na? Mama naka fuska ya kumbura, ido ya fara rufe, fiba ya yi sama. Ni na sa shi a keke da ƙarfi na kawo asibiti. An sa ruwa, an yi allura. Amma likita ya ce sai an cire abin da ya kawo, in ba haka ba zai dawo ya fi wannan. Mama naka ya kulle baki kamar shago ranar Lahadi. Ni na yi, Dija ya yi, likita ya yi. Ka zo."

Na gaya wa Dakta Nadiya. Ta buɗe durowa ta ɗauko ɗan madubi sabo, ta naɗe shi a tsumma mai tsabta ta sa mini a aljihu. "Jarrabawa tana dawowa kowace shekara," ta ce. "Tafi." 'Yan ɗakinmu suka yi mini karo-karo. Ammu Sa'id ya ɗauki jakata har bakin titi, duk da ciwon gwiwarsa, ya ƙi ba ni.

Jirgi ya sauke ni a Kano, daga nan na shiga motar Yola. A Yola na kira, Dija ta ce zazzaɓin ya ɗan sauka. A Gombi ta ce ya dawo. A Hong waya ta ƙi shiga. A Mararraba direba ya tsaya cika mota da buhunan masara, na sauko na taya shi ɗaurewa da hannuna don mu tashi, har yana mini godiya yana cewa fasinjan kirki. Da azahar na hango duwatsun Mubi, waɗanda na yi wata takwas ina nema a saman bene, ban ko tsaya kallonsu ba.

Na sami Adda a gadon ƙarshe na ɗakin mata. Gefen fuskarta na hagu ya tashi yana sheƙi, idon saura kaɗan ya rufe. Da ta ji sallamata sai ta ja mayafi ta juya wa bango fuska. Likitan, saurayi ne da gajiya ta cika wa ido, ya ja ni gefe ya ce shi ba zai buɗe bakin dattijuwa da ƙarfi ba, kuma allura kaɗai ba za ta riƙe ta har abada ba. Na gaya masa inda na fito da abin da nake so in gwada. Ya ce bismilla.

Na aiki Madam Rifkatu ta samo mini ƙanƙara wurin masu sayar da ruwan leda a bakin ƙofa. Muka janye gadon daga bango. Na wanke hannu, na sa safa, na ɗauki kujera na zauna ta baya, saitin kanta, inda ba za ta gan ni ba. Dija ta tsaya a gabanta da tocila.

Na ce, "Dija, ki ce wa Adda ba cirewa zan yi ba. Tambayar haƙorin zan yi. In yana da rai zai amsa, ita da kanta za ta ji, sai a bar mata abinta."

Dija ta maimaita kalma bayan kalma, kamar Adda ba ta ji ba. Haka muka saba tun muna yara. Sai Adda ta ja mayafin ta rufe idanunta da goshinta, ta bar baki a waje. A hankali ta buɗe.

Kusan shekara talatin da biyu ban taɓa kusantar fuskar uwata haka ba. Na ga furfura a gefen kunnenta da ban san da ita ba. Na ɗaga leɓen da madubi. Ga ƙurjin nan, ga dasashi ja ya kumbura, ga baƙin layi a inda rufin ya rabu da haƙori. Na ƙwanƙwasa na kusa da shi, shiru. Na ƙwanƙwasa na Makkan, ta damƙe zanen gado. Sai na naɗe ɗan guntun ƙanƙara a auduga.

"Ki ce mata in ta ji sanyi ta ɗaga yatsa."

Na ɗora a haƙorin gaba, yatsa ya tashi nan take. Na ɗora a na bayansa, ya tashi. Na ɗora a kan na Makkan, na riƙe, na ƙirga goma a zuciyata, na ƙara goma. Ruwan ƙanƙarar yana bin safar hannuna. Yatsan bai motsa ba.

Na janye hannu. Can Adda ta ce, daga ƙarƙashin mayafi, "Dija, babu kowa a gidan."

Na ce, "Ki ce mata haka ne, jijiyar haƙorin ta mutu. Ki ce mata kuma abin da suka sa da Baaba a Makka rufin ne, shi kuwa ba abin da ya same shi, za a wanke a ba ta a hannunta. Na cikin da ya mutu, tun daga garinsu Belel ta zo da shi."

Madam Rifkatu ta yi dariya ta toshe baki. Kafaɗar Adda ta ɗan motsa, ban san ko dariya ba ce ko kuka. Sai ta ce, "Ki ce a kira likitan."

Kafin la'asar an cire, an matse mugunyar da ta taru. Ni na riƙe kanta ta baya har aka gama. Na wanke rufin da kaina, na same shi ba nauyi ko kaɗan, kamar ɓawon gyaɗa. Na ba Dija, Dija ta ba ta, ta ƙulle shi a bakin mayafinta. Kwana biyu idon ya buɗe, a na huɗu zazzaɓi ya tafi aka sallame mu.

Safiyar da 'yan ajinmu suke zaune a ɗakin jarrabawa a Alƙahira, ni ina zaune a bakin ƙofar ɗakin Adda da madubina, ina jiran Dija ta dawo daga kai niƙa don in duba wurin da aka cire. Adda tana ciki a kan tabarma, da kwanon kunun gyaɗa a gabanta, rufe da faifai, don ba za ta sha ina wurin ba. Na yunƙura zan tashi in ba ta wuri.

"Ka karya?"

Na waiga in ga da wa take. Tsakar gida ba kowa sai kaji. Idonta yana kan faifan, ba ta ɗago ba.

Na ce, "Ban karya ba, Adda."

Ta cire faifan, ta turo kwanon da yatsa biyu har ya taɓa gwiwata.